Hancin Malam Zakari Ya Tafi Hutu

Ollelewa, ranar Talata

Zuwa ga autata Raishatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatun likita, ya zafin Damagaram? Mu nan lafiya lau, in aka cire hancina. Na ɗauki bik na rubuto ne don wayar gidan nan tana hannun innarki, kuma zancen ba na kunnenta ba ne. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da lakkwal, makarantar boko, tun a aji huɗu muka rabu, kowa bai nemi kowa ba.

Mura ce ta toshe ni. A kasuwar Belbeji na ga abokina Aghali yana hura wa raƙuminsa garin kanwa da barkono a hanci, raƙumin ya yi atishawa ya wartsake. Na ce a raina, abin da ya buɗe wannan ƙaton hanci ai nawa wasa ne. Aghali ya hana ni, na ɗiba a ɓoye na gauraya da tabar da nake shaƙa. Na yi atishawa har hulata ta faɗa a kwaryar nonon wata Bafulatana, sannan haɓo ya ɓalle.

Tun ranar ba na jin ƙanshi ba na jin wari. Tuwo da miya duk kamar ina tauna tabarma. Ni da nake faɗin miyar gidan maƙwabta daga zaure. Innarki ta daɗe tana cewa tabar nan za ta kashe min hanci, don haka kullum sai in ja numfashi in yabi girkinta. Ki aiko min da dabara ta hannun Yusuf direba, a rufe.

Mahaifinki, Zakari

Ollelewa, ranar Alhamis, bayan mako guda

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Takardarki ta iso. Na ga faɗan da kika yi min, cewa hanci ne mai tace ƙura da ɗumama iska kafin ta kai huhu, ba murhu ba ne. Na bar taba, ina shaƙar ruwan gishiri safe da yamma, kuma na gane in haɓo ya zo sunkuyawa ake yi a matse hanci, ba kallon sama ba. Sai dai shawararki ta faɗa wa innarki gaskiya, ita na ajiye sai gobe, goben kuma ta zo da nata.

Kin san atamfar da ta tara ribar ƙuli-ƙuli ta saya don ranar karɓar diplom ɗinki na gama karatu. Jiya ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, ta shimfiɗa zanen a kai ya sha ƙanshi, za ta leƙa gidan suna. Ta ce tunda Allah ya ba ni hanci, in na ji ya fara ƙauri in ɗauke. Na ce ta tafi hankali kwance. Na juya baya ina sauraren rediyo.

Maƙwabta ne suka jiyo ƙauri daga gidajensu. Da suka shigo da bokiti suka tarar da ni zaune cikin hayaƙi ina gyaɗa kai ga labaran duniya. Zanen ya yi ramin da tunkiya za ta wuce.

Innarki ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe zanen ta zauna, ta ce ta so ne ta tsaya kusa da ke a hoto ba tare da ta ɓoye gefen tsohon zanenta da ya koɗe ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Nan na faɗa mata komai, har raƙumin. Ashe ta sani, wai tun ranar da na yabi ƙanshin daddawa a miyar da ba ta sa daddawa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Zakari

Ollelewa, ranar Juma'a

Raishatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Albishirinki, hanci ya fara dawowa aiki yau da asuba, kuma abin da ya fara gaishe shi bunsuruna ne. Ban san haka muke zaune da shi ba.

Shi zan kai kasuwar Tanut in sayar, in nemo wa innarki atamfa irin waccan, kala da zane, ta ce ba ta karɓar mai kama da ita. Yusuf ya rantse bunsurun ba zai shiga motarsa ba, don haka a babur ɗin kabu-kabu za mu tafi, yana kan cinyata, fuskarsa dab da tawa. Na roƙi innarki a jira, ko wata murar za ta taimake ni. Ta ce tafiya gobe.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida ƙawayenki.

Naki, mai hanci sabo,
Zakari