Inna, Na Kasa Kiran Sunanta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mutanen gida duk lafiya. Ɗakinki na Katagum yana nan yadda kika bar shi, Gwaggo Asabe ce take buɗewa ta share duk ranar Juma'a.

Na san da kina raye cewa za ki yi wace irin rashin ta-ido ce wannan, mace ta baza maganar cikin gida a waya kowa ya karanta. Ki yi mini haƙuri. Magana ce a kan yarinyarki, kuma tun da muka dawo daga tafiya take cina a rai. Ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane sai ke da kika raine ta.

Na ce yarinyarki don haka muka saba faɗa. Ni na haife ta, ita ce 'yar farina, amma ranar da aka yaye ta kika aiko aka ɗauke ta daga Azare aka kai miki. Kin san kunyar ɗan fari a gidanmu ba abin wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. In na zo gida ba na jan ta a jiki a gaban mutane, ba na tambayar ko ta ci abinci. Iyakaci in tsaya a bakin madafa in ce, "Inna, waccan ta yi tsawo." Sai ki yi murmushi, kin ji daɗi kin haifi mai kunya. Ita ma ta taso tana ce mini Adda, kamar yayarta ce ni. A Azare kuwa Maman Husna ake kirana, da sunan ƙanwarta. An tsallake ta, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Da kika rasu aka haɗa mata kayanta a akwatinki na ƙarfe ta dawo wurina, tana 'yar shekara goma sha uku. Inna, kin yi tarbiyya. Ba ta jira a sa ta aiki, ba ta roƙon komai, ko sabulunta ne ya ƙare sai dai in gani da idona. Ninke tabarma irin naki, ɗaura ɗankwali irin naki. Amma tana zaune a gidan ubanta kamar baƙuwar da ke jiran mota.

Abbansu ne ya kawo maganar tafiyar. Kin san yana zuwa Masar saro dogayen riguna. Ya ce wannan dogon hutun mu tafi gaba ɗaya, in ya gama da kasuwa mu shiga jirgin ruwa irin wanda ake kwana a ciki, mu bi Kogin Nilu na 'yan kwanaki. Ya ce ko ta saki jiki, ta saba da ƙannenta. Shi dai tuni ya ajiye kunyar, yana kiran sunanta baki sake, har yana tsokanata wai ni ce ta ƙarshe a duniya da ta rage tana wannan abu.

Da kin ga jirgin nan da kin ce gidan bene aka ɗora a kan ruwa. Ɗakuna da gadaje, wurin cin abinci, har da ɗan wurin wanka na yara a can sama. Sadik, autana, sai da faɗa ake fito da shi daga ruwan nan, yatsunsa duk sun yamutse. Husna kuwa ta ce abincinsu ba ya jin yaji, sai da na fito da ƙullin yajin da na ɓoye a jaka, Abbansu yana ta ce mini na zo in kunyata shi a ƙasar mutane. Shi ne kuma ya fi kowa zubawa.

Yarinyarki ba ruwanta da wurin wanka. Tana tsaye a jikin ƙarfen baranda tana kallon gaɓa, dabino da gonaki da jakuna suna wucewa. Wata safiya muka tarar da masunta a cikin kwalekwale, ɗaya yana dukan ruwa da doguwar sanda. Sadik ya tambaya me ruwan ya yi masa yake dukan sa. Ta tuntsire da dariya, ta ce, "Kifi yake korawa ya faɗa raga. In mun je Katagum zan kai ka bakin kogi ka ga namu." Ranar na fara jin dariyarta tun rasuwarki. Na so in matsa kusa da ita, sai na tsinci kaina ina gyara wa Husna hijabin da ba abin da ya same shi.

A wurin cin abinci akwai wata dattijuwa Balarabiya da muke haɗa teburi. Ta tambaye ni ko duka nawa ne. Na nuna Husna da Sadik, na ce nawa. Da na zo kanta bakina ya faɗi abin da ya saba, na ce, "Wannan ta mahaifiyata ce." Matar ta ɗauka ƙanwata ce, har tana cewa muna kama. Ban gyara ba. Yarinyarki tana zaune a wurin, ta ci gaba da cin burodinta ba ta ɗago kai ba.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya sa na ɗauki waya ina rubutu.

Jiragen nan in sun iso gari, wurin tsayawa ba ya isar su, sai su jeru gefe da gefe, wannan a jikin wancan. In naku yana can waje, sai kun ratsa ta cikin na wasu kafin ku kai, kuma ƙofofinsu duk kusan iri ɗaya ne. Ranar mun sauka mun shiga kasuwar wani gari, muka dawo a makare da rana tsaka, ana ta yi mana alama mu yi sauri. Abbansu ya yi gaba da kaya ya haye sama zuwa ɗaki. Ni na riƙo Husna a hannu ɗaya, Sadik a ɗaya, na ratsa na shiga namu. Ban waiwaya ba, Inna. Na saba ba na waiwayarta.

Sai da na ji injin ya canza murya sannan na juya. Ba ta bayana. Na hango ta a cikin jirgin maƙota, wanda muka ratso ta cikinsa, ta ba mu baya tana kallon wasu hotuna a bango. Ma'aikata sun fara kwance igiya, ɗaya ya sunkuya zai janye katakon da ake takawa a tsallaka.

Na ce, "Ke!" Ba ta juyo ba. Na ɗaga murya na ce, "Ke yarinya!" Ga ƙarar inji, ga hayaniyar mutane, kuma a wurin nan wa ya san wace ce ke? Na san abin da ya kamata in yi. Sunan yana nan a kan harshena, na ji shi, amma muƙamuƙina ya riƙe. Wallahi Inna ba ƙi na yi ba. Na buɗe baki iska kawai ta fito.

Ma'aikacin ya ga inda nake nunawa, ya dakata da katakon a hannu, ya tambaye ni sunanta da Larabci. Tambayar da ake fara koya wa yara a Islamiyya ce, na gane ta sarai. Na tsaya ina kallon sa. Ya sake tambaya da Turanci, ya ɗauka yaren ne ban ji ba. Har yanzu ina ganin kallon da ya yi mini. Husna ce ta faɗa masa. Ya ƙwala kira, ya ma karya sunan irin na bakinsu, sai ta juyo, ta tako a hankali ta tsallako. Suna janye katakon ruwa ya buɗe tsakanin jiragen biyu.

Kin san abin da na yi? Faɗa na rufe ta da shi. Na ce wace irin shashasha ce da za ta tsaya kallon bango a ƙasar da ba ta san kowa ba. Ina so in rungume ta, amma faɗan ne ya fito. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Adda," ta wuce ciki.

Bayan la'asar na hau sama na same ta a wurinta na kullum. Na tsaya kusa da ita, na rasa ta inda zan fara, sai na ce wata rana ta dinga kasa kunne in ana kiranta. Ba ta kalle ni ba, idonta yana kan ruwa. Ta ce, "Na ji ki tun kiran farko, Adda. Na san muryarki. Tsayawa na yi in ji ko za ki faɗa."

Ba ta faɗa da fushi ba. Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi. Yarinya ta ji ana kwance igiya, ta san jirgi zai tafi ya bar ta a cikin baƙi, ta tsaya duk da haka don ta ji sunanta sau ɗaya a bakin uwarta. Ni kuma na bar wani bare ya kira mata shi. Muna nan tsaye har ladanin wani ƙauye a gaɓa ya kira magariba muka sauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan jiran. Ni ma 'yar farinki ce. Ni ma a ɗakin kakata na girma. Ke "mutuniyar Azare" kike ce mini tun da na yi aure, kafin nan kuwa "waccan". Ban taɓa shakkar kina so na ba. Ina tuna busasshen kifin da kike aiko mini a ƙunshe cikin takarda, ki ce wa direba, "A ba yara," alhali lokacin ko cikin fari ban yi ba. Na san ni ce yaran.

Amma a ciwonki na ƙarshe, da kina kwance a asibiti a nan Azare, na zauna a gefen gadonki ina shafa miki ƙafa, zuciyata tana cewa yau kam za ki faɗi sunana, ba kowa a ɗakin sai ni da ke. Kika buɗe ido kika kalle ni tsawon lokaci, kika ce, "Mutuniyar Azare, je ki huta, kin gaji." Na fita baranda na yi kukan da ma'aikatan jinya suka ɗauka rasuwa aka yi. Ban riƙe ki ba, Inna, haka kika taras, haka aka yi miki. Amma ni na ɗanɗana, na san ɗacinsa, kuma na juya na ba 'yata ta sha. Ita kuma ba ta da wata kaka yanzu da za ta koma ɗakinta a kira ta da suna a lallashe ta. Ni kaɗai na rage mata.

Mun dawo gida, yara suna ta nuna wa maƙota hotuna. Ni kuma na yi makonni ina gwadawa. In ina wanke-wanke ni kaɗai sai in faɗi sunan a hankali, in ji kamar na yi sata. Sau da yawa na yi niyya, in ta shigo sai "ke" ta riga ni fita.

Jiya da safe ina madafa ina dama koko, na juya wa ƙofa baya don kada in ga fuskarta, na kira ta ta miƙo mini ludayi. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, siririya, a karye. Gidan ya yi tsit, har Sadik ya daina buga kofinsa. Na ji takunta ya tsaya a bakin ƙofa, dab da ni, ta ce, "Ban ji ba, Adda."

Ta ji, Inna. Ni ma na san ta ji. Na ajiye muciya na juyo na kalle ta, na sake faɗa. Ta ce, "Na'am," ta miƙo ludayin. Har yanzu Adda take ce mini, kuma ban ga laifinta ba. Shekara goma sha uku ba za su goge da kofin koko ɗaya ba.

Na san su Gwaggo za su karanta wannan su ce boko ya ɓata ni, na zubar da kunyar gidanmu. Zan je Katagum in durƙusa in ba su haƙuri. Ke ma ina neman afuwarki, don abin da kika fi alfahari da shi a kaina ne na ajiye. Amma tunda na faɗa a madafa, bari in rubuta a nan kowa ya gani. 'Yar da kika raina mini, 'yata ta fari, sunanta Salamatu.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan rainon da kika yi mata. Allah Ya yafe mini abin da na tauye wa yarinyar nan, Ya ba ni tsawon rai in kira ta har ta gaji da amsawa. In Allah Ya haɗa mu a gidan rahama, inda ba surukai ba idon mutane, ina roƙon ki kira ni sau ɗaya. Zan ji tun kiran farko.

Wassalam.

Taki, mutuniyar Azare,
Hajara