Sai Teku Ya Kawo

Riyad, Maris 2013

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Hajjo da duk mutanen Haɗejiya. Ni da maigidana Tamimu muna lafiya, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Tunda ka ce waya ta gaisuwa ce, magana kuwa sai a takarda, ga takarda.

Inna ta tsegunta mini cewa kalandar da na samo a shagon wani Baturke a kasuwar Dira ta nan Riyad har yanzu tana rataye a zaure, kuma ka hana a buɗe shafin gaba. Shekara ta ƙare, kai kana nan a kan fararen ginshiƙan nan na bakin teku. To na bincika. Sunan garin Side, a Turkiyya, kuma kufan ɗakin tsafi ne na mutanen dā. Baba, na yi niyyar kai ka ka gani da idonka. Za ka zo Riyad da bizar ziyara, daga nan mu tashi.

Lokaci ne kawai ya rage. Afrilu ya fi kyau, amma mudira, shugabarmu a asibiti, ta riga ta raba ijaza, wato hutun aiki, ban samu ba. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso, ga azumi. Lokacin sanyi kuwa an ce mahaukaci ne kaɗai ke zuwa. Saboda haka Oktoba na zaɓa. Ba na son in kai ka sau ɗaya a rayuwa kuma in kai ka a lokacin banza.

'Yarka,
Nuriyya

Haɗejiya, Afrilu 2013

Nuriyya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka.

Innarki ta cika kai rahoto. Ba tsafin mutanen ne ya dame ni ba, aikin hannunsu ne. Na tsufa ina gini, ban taɓa ɗora dutse a kan dutse ya zauna ba laka ba siminti ba. Ina son in ga gaɓar da suka haɗa, in ga wayonsu.

Oktoba ya yi. Damina ta ƙare ke nan, teku ya kawo ya cika fal. Kada dai ki kai ni da rani mu tarar ya janye, mu yi ta tafiya cikin yashi muna neman ruwa. Na san halin kogi.

Amma in da hali a matso da tafiyar, a matso. Tsoho ba ya son dogon alkawari.

Mahaifinki,
Buraima Magini

Riyad, Satumba 2013

Baba,

Barka da shan ruwa, ko da ya wuce. Na karanta wa Tamimu zancen janyewar teku, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Baba, teku ba kogin Haɗejiya ba ne. Rani da damina yana nan inda yake, ba ya zuwa ko'ina.

Labarina ba mai daɗi ba ne. Bana Hajji ya faɗo a Oktoba, an dakatar da ijazar kowa, kuma sunana yana cikin ma'aikatan jinyar da za a tura Mina. Na je ofis na roƙa, mudira ta ce, "Ma fi ijaza, ya Nuriyya, ba'adal Hajj," wato babu hutu sai bayan Hajji. Na fito na zauna a motar asibiti ina kallon shagunan unguwar Shumaisi, raina a ɓace.

Bayan Hajji sanyi ya shiga can. Mu bar shi sai Afrilu mai zuwa, lokacin da aka ce furanni ke fitowa a tsakanin duwatsun. Wata nawa ne? Ginshiƙan da suka jira shekaru dubu biyu za su jira mu.

Af, na ga rubutunka ya ƙara girma, layi uku sun cinye rabin shafi. Ko takarda ce ta yi araha a Haɗejiya? Ga tabarau na sa a cikin saƙon, da dabino.

Taka,
Nuriyya

Haɗejiya, Nuwamba 2013

Nuriyya 'yar nan,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne. Ina fatan kin dawo daga Mina lafiya. Babanki bai san na rubuto ba.

Tabarau ya iso, ya sa ya yi ta godiya, amma ba abin da ya ƙara masa. Tun bara idon ke raguwa. Sa'idu ƙaninsa ya kai shi Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, wanda ya tafi ba ya dawowa. Na hagu ya mutu. Na dama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kafar kuma kullum tsukewa take.

Ya hana a gaya miki. Ya ce ke mai jinyar mutane ce, in kin ji za ki bar aikinki ki taho. Na yi shiru har na gaji. Jiya na same shi a zaure, hancinsa ya kusa taɓa kalandar nan, yana bin ginshiƙi da yatsa. Da ya ji motsina sai ya ce ƙura yake sharewa.

Ni ban san Afrilu ba, ban san furanni ba. Na dai san ba lallai idon ya kai can ba. Tsoro nake ji, shi ya sa na faɗa miki.

Innarki,
Hajjo

Riyad, Disamba 2013

Inna,

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ɗakin majinyata, sai da na nemi kujera. Kullum ina duba idon mutanen da ban sani ba. Na ga rubutun mahaifina yana girma, na mayar da shi abin tsokana. Ya ce a matso da tafiyar, ni ina ta lissafin furanni. Kunya nake ji, Inna.

Bizarsa ta fito. Likitan idonmu zai duba shi, ko a tsare abin da ya rage. Ijazar Janairu ba mai so, mudira ta sa hannu ba ta ko ɗago kai ba. Abokan aikina sun ce ruwan sama za mu tarar da otal-otal a rufe, wata har ta taɓa goshina wai ko zazzaɓi nake yi.

Ki sa masa rigar sanyi da hular nan mai rufe kunne. Kada ki ce na sani. Ki ce masa na bincika, a Janairu teku ke kawowa.

'Yarki,
Nuriyya

Haɗejiya, Fabrairu 2014

Nuriyya,

Sallama da gaisuwa. Na iso gida lafiya. Innarki ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kin san dalili. Tun a filin jirgin Riyad, yadda kika riƙe mini hannu, na gane an kai rahoto.

Mutanen zaure sun tambaye ni abin da na gani. Na ce na ga fari-fari a tsaye cikin hazo. Amma da yake ba kowa a wurin sai mu da wani kare, ba wanda ya ture ni, na shafa dutsen nan har hannuna ya ƙage. Na sami gaɓar, na kuma sami inda na baya suka yi faci da siminti. Na dā sun fi su hannu.

Kin yi ta ba ni haƙuri saboda ruwan sama, kina kuka kina cewa iska ce. Ki daina. Mai otal da kansa ya ce da bazara tekun kwance yake lamo, kiɗa kawai ake ji. Da kin kai ni lokacin, me zan samu? Ni kuwa na ji shi yana dukan dutse har cikin ƙirjina, ya watso mini gishiri a gemu.

Ki gaya wa Tamimu ya mayar da dariyarsa. Teku yana kawowa, a gabana ya kawo.

Na ce Innarki ta buɗe shafin gaba na kalandar.

Mahaifinki,
Buraima