Maganin Tarin da Na Ba Nasiru

Yaya Hadiza, kada ki karanta wa Inna wannan wasiƙa, hawan jininta ba zai ɗauka ba.

Ƙanwarki Binta ce. Ya jikin Inna? Ya Alhaji da yara? Mu nan ba lafiya ba.

Tsohuwar Baturiyar da nake kula da ita a Summerfield, nan ƙasar waje, ta ji ɗana Nasiru, wanda yanzu ya zama saurayi, yana tari, sai ta ba ni maganin kakanninta mai zuma da lemun tsami. Da hannuna na yi ta ba shi. Da ya ƙare na ce ta koya mini haɗin, sai ta ɗauko barandi, giyar Faransa! Wai tun kafuwar ƙasar nan da ita suke magani.

Na faɗa wa Nasiru ina kuka. Ya ce, "Mama, ai na sani. Ke kika ba ni." Jiya na tsinci kwalbar giyar a motarsa, ba zuma ba lemo.

Yaya, ki taimake ni. Ki sa Malam ya dage masa da addu'a, ki gaishe mini da kowa.

Haram ba ya zama halal don an zuba masa zuma. Daga yau makullin motar yana hannuna, kuma abin da ban ga haɗinsa da idona ba, ba ya shiga gidan nan.