Rufin Motar Ƙanena Ya Fara Lotsawa, Na Gani Na Yi Shiru

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne amma abin da ke cina ba na dattawa ba ne.

Tsohon direba ne ni, na daɗe ina jan bas tsakanin Ajingi da Kano. Da bayana ya gaji sai na koma sayen gyaɗa a ƙauyuka, shi ne na je Kano na sayo wata tsohuwar mota 'yar Beljiyam, irin mai ɗaki a ciki, da gado da risho da tankin ruwa, don in daina kwana a zauren mutane. Ƙanena ne ya raka ni, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya shiga ƙarƙashinta ya duba, ya saurari inji, ya ce Yaya ɗauki wannan, tsufa ne kawai amma lafiyarta lau.

Gaskiyarsa. Ni na kashe ta. Na ɗauke ta kamar bas, ina ɗora buhunan gyaɗa a samanta ina ɗaurewa da igiya, ashe rufin irin waɗannan motoci kwano ne marar kauri a kan katako. Ya tsage ta gefen 'yar tagar sama, damina ta zo ruwa yana bi ta cikin bango ban sani ba, sai da katakon ya ruɓe, gadon ya rufta. Yau tana bayan gidana a Balan, kaji na ƙwai a ciki. Amma a majalisa cewa na yi ƙanena ne ya zaɓo mini ruɓaɓɓiya. Ya ji, bai taɓa tanka mini ba, har yau a haka mutane suka sani.

To bara shi ma ya sayi irinta, ta ma fi tawa tsufa, fenti duk ya koɗe. Na yi dariya na ce a jira a gani. Ga shi muna ta gani. Yana canza baƙin mai a kan lokaci, ya yi mata rumfa, ko ba tafiya sai ya tayar da ita ta ɗumama, kayan gyara na hannu yake nema wajen masu bas. Yanzu in ya tsaya a Toranke har leƙe ake yi, ana cewa gidan Alhaji ya iso, alhali ni ko Malam ba kowa ke ce mini ba. Rannan uwargidana ta shiga ta sha shayi a ciki, ta dawo tana cewa ashe haka abin yake in ya samu mai riƙo. Ranar ban ci tuwo ba.

Ranar kasuwar Ajingi da ta wuce na tarar ana loda masa gyaɗa, ciki ya cika, ana jera sauran a sama. Ya hango ni ya taso da fara'arsa, ya ce Yaya kai ka san mota, ai ba komai ko? Idona na kan rufin, na ga ya lotsa daidai inda nawa ya fara. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin, har ya saya mini tsire. Wallahi abin da ya fi tsorata ni, daɗi na ji.

Motar nan ita ce duk abin da ya tara, da ita yake ci da iyalinsa. In na yi shiru ruwa zai yi mata abin da ya yi wa tawa, mu zama ɗaya. In na faɗa zai tambaye ni yadda na sani, dole in ce ni na kashe tawa, na ɗora masa laifin, kuma sai na maimaita a majalisar da na ɓata shi. Zuciyata na cewa in aika bakanike ya gaya masa ba da sunana ba, amma shi ni ya tambaya.

Ku gaya mini, in aika ne, ko in taka da ƙafata? In zan je, da wanne zan fara, rufin ko ƙaryar? Ku taimaka da wuri, jiya hadari ya haɗu ta gabas.