Goma a Madadin Takwas

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya kira tun ban karya ba. Hotunan ƙashi da ake turowa daga ginin baya zuwa ofishinsa suna maƙalewa a hanya, wani sai an yi ta sake turawa. Ni na ja musu wayar faibar, irin wadda haske ke bi ta ciki. Na je na duba. Fitila kore can, kore nan. Amma a allon na'urar da ke karɓa akwai wata lamba, wai kuskure, sai hawa take. Kuskuren wa? Na goge ta, ta koma sifili. Kafin in tattara kayana ta sake tashi.

Likita ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, in ba haka ba zai kira kamfanin nan masu farar mota. A gaban ma'aikatan jinya ya faɗa. Ni, da ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini aikin nan.

Talata, 4 ga Maris

Mai karɓa ce ke ƙorafi, to ita ce mai laifi. Na sa sabuwa. Sabuwar ma ƙorafin take. Ban gane ba.

Laraba, 5 ga Maris

Uwar yara ta ce me ya hana ni tambayar mijin 'yarmu Auta, tunda abin da ya karanta ke nan. Na ce ina jan waya tun yana rarrafe. Ta ce to, ja. Da yamma sai ga su, wai gaisuwa kawai suka zo. Na san aikinta ne.

Na ce masa wani abokina ne ke fama da wata matsala. Ya saurara kansa a ƙasa. Wai saƙon duk jerin ɗaya da sifili ne, kuma na'urar da ke aikawa ba ta tura shi yadda yake, kowane guda takwas sai ta mayar da su goma. Na ce wato biyu na banza ke nan, cika hanya. Ya ce a'a, don kada sifili su jeru da yawa mai karɓa ta rasa inda ƙirga ya tsaya, kuma don ɗaya da sifili su riƙa yin kunnen doki. Wai akwai jerin goman da ba a taɓa aikawa sam. In mai karɓa ta ga irinsu, ta san a hanya suka lalace.

"Baba, ba ita ta yi kuskuren ba, ganinsa kawai ta yi. Abokin naku ya duba hanya."

Abokin naku. Auta ta miƙe ta shige kicin, kafaɗunta na rawa.

Alhamis, 6 ga Maris

In saƙo na lalacewa, me ya sa fitila kore? Ko dai ya iso ko bai iso ba. Wannan rabi-da-rabin ne ban sani ba.

Na bi wayar daga farko har ƙarshe. Ba yanka, ba cizon ɓera. A ɗaure take tsaf, kowace kwana a karye kamar da rula aka auna. Aikina har hoto mutane ke ɗauka. Na goge bakunan wayar. Lamba na nan tana hawa. Abinci ma na kasa.

Juma'a, 7 ga Maris

Rage mini hanya zuwa asibitin kawai mijin Auta ya yi, motata na gareji. Da muka isa ya biyo ni ciki, ban hana shi ba.

Ya daɗe tsaye a bayan ginshiƙi, inda wayar ta yi kwana. Ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Can ya nemi izini ya yanke robar ɗauri ɗaya. Wai haske ba ya son a karya masa hanya, a kwanar yake tsiyaya. Abin da ya rage ya isa ya kunna fitila, bai isa a karanta kowane goma daidai ba. Na ce wayar tagulla ba ta taɓa yi mini wannan iyayi ba. Na karɓi almakashin na yanke da kaina. Wayar ta saki jiki kamar igiyar shanya. Muni.

Lamba ta tsaya.

Likita ya tambayi me ya faru. Kafin in buɗe baki mijin Auta ya ce Baba ya gano wurin, ya gyara. Likita ya miƙo mini hannu, ya ce dama ya san ni. Ban san inda zan sa idona ba.

Har yanzu zancen kunnen dokin nan bai zauna mini ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na leƙa makarantar da na yi wa aiki bara. Ba su kira ni ba, hanya ce ta biyo da ni. Wayar can ma kowace kwana a karye. Na sassauta su, na ce wa mai gadi dubawar shekara ce.

Gobe otal ɗin da na ja wa waya. Na aika wa mijin Auta in ba shi da abin yi zai iya raka ni. Ina buƙatar mai riƙe mini tsani ne kawai.