Wankan Goggo Laraba

Litinin, 10 ga Maris, 2003

Yau na wanke Rahma, matar Habu mai faci. Da hantsi ta haihu, 'ya mace, jini ya ƙi tsayawa. Kafin a samo motar da za ta kai ta Rano rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta.

Na fi shekara ashirin ina wanke gawar mata a Kibiya. Goggo Laraba ce ta koya mini, ƙanwar mahaifina da ke aure a Fassi. Tun kafin ta nuna mini yadda ake naɗa tsumma a hannu ta koya mini kama baki. Abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake zama, ko miji ba a gaya wa. Ban taɓa karya wannan ba. Takarda dai ba mutum ba ce... ko? Allah na tuba.

Mun yi mata alwala, mun gama ɓarin dama. Jumai, ƙanwar Malam mijina, ita ce take zuba mini ruwa. Na zura hannu zan juya ta, sai yatsunta suka rufe a wuyan hannuna. Na san yadda hannun gawa yake faɗowa a kan mutum. Wannan riƙo ne, irin na mai naƙuda.

Ban yi ƙara ba. Na ce wa Jumai ta je ta ƙaro ruwan ɗumi. Da ta fita na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na kara auduga a hancinta, na ɗora kunne a ƙirjinta, na kira sunanta a hankali. Auduga ba ta motsa ba. Jiki ya yi sanyi kamar randa. Ina nan tsugune har Jumai ta dawo tana mita: "Yaya, maza fa sun gama haƙa, rana tana cin ƙeyarsu." Muka ƙarasa. Na kitse mata gashi gida uku, na sa kafur, muka naɗe.

An kai ta kafin la'asar.

Talata, 11 ga Maris

Wurin da ta riƙe ya yi sanyi. Yatsu huɗu a sama, babban a ƙasa. Babu shaidar komai a fata. Na kara shi a jikin tukunyar tuwo har na ƙone, sanyin yana nan a ƙarƙashin ƙunar.

Litinin, 17 ga Maris

An yi suna shiru, ba kiɗa ba guɗa. Sun mayar wa jaririyar da sunan uwarta. Duk wanda ya ce "Rahma" sai in waiga ɗakin.

Kakarta ta miƙo mini ita in yi mata addu'a. Ina tofa mata, ta kama mini yatsa ta matse. Mata suka ce, "Ga shi nan, ta san ki, Malama Asma'u." Na mayar da ita da sauri fiye da yadda ya kamata. Ina jin sun lura.

Alhamis, 20 ga Maris

Tsakar rana ce take ba ni wahala. Lokacin da gari ya yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu sun buɗe baki, ko kurciya ta daina kuka. Yau ina zaune ina tsince wake sai ƙanshin kafur ya cika tsakar gida. Ba ni da kafur a waje, yana cikin gwangwani a ƙasan akwati.

Na tambayi Malam ko yana jin wani ƙanshi. Ya ɗaga hanci ya ce, "Ƙauri nake ji. Kin bar mana miya a wuta."

Na duba audugar nan da kyau. Na san na duba. Amma ɗakin da duhu-duhu, idona kuma ba kamar da ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Mahaifiyar Ramalan mai shayi ta rasu da safe. Aka aiko. Na ɗauko ƙwaryata da ganyen magarya, na kai bakin zaure, ƙafata ta ƙi. Ba ciwo ba, ƙi kawai ta yi, kamar jakin da ya hango kududdufi.

Na ce wa Jumai yau ba zan iya ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta kece da dariya: "Har yanzu, Yaya? A waɗannan shekarun? To Allah ya kawo mana ɗan auta." Ta zaci ba na salla ne. Na bar ta a kan haka. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san me na yi. Da azahar sai da na shige ƙurya na yi salla a ɓoye a cikin gidana.

Ita da wata maƙwabciyarsu suka yi wankan.

Lahadi, 30 ga Maris

A wurin injin niƙa na ji shi. Wai an samu layu ɗaure a ƙugun tsohuwar, har an ƙirga su. Wata tana cewa, "A wannan zamanin na Shari'a? Ashe duk zuwa tafsirin nan..." Wata ta ɗauka daga nan ta ƙara nata. Matar da ta yi shekaru tana raba wa yaran unguwa koko kyauta, yau labarinta ya koma ƙugunta.

Da ni na je, da na kwance su na tura a ramin ruwan wanka na rufe da ƙasa, shi ke nan. Na yi wa Jumai magana. Ta ce, "Ni fa mutum ɗaya kawai na gaya wa."

Asabar, 5 ga Afrilu

An aiko Goggo Laraba ba lafiya. Na shiga motar Fassi, duk hanya muna bayan wata akori-kura ta 'yan kamfen da lasifika a kanta, ban iya ko tasbihi ba.

Ta rame sosai. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, amma ƙarƙashin turaren akwai wani wari, na san shi, na ciwon da ya daɗe a rufe. Zanenta ɗaure har wuya a wannan zafin. Ta kori Mu'minatu, matar ɗanta, ta ce ta je ta duba awaki.

"Ma'u, matso. Akwai abin da ke jikina da ban yarda idon kowa ya gani ba. Shekara biyu ni nake wanke shi da kaina. Matan gidan nan ba su da mugunta, baki ne da su. Na rufa wa matan Fassi asiri tun ina da haƙora. Ke za ki wanke ni. Ke kaɗai."

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ta ce, "Ban tambaye ki addu'a ba." Na ce to.

Na ce to. Da wace ƙafar?

Talata, 8 ga Afrilu

A Islamiyyar matan aure an kai babin jana'iza. Malamar yarinya ce mai ladabi, ta zo da 'yar tsana ta roba da ƙyallen alawayyo, ta ce in fito in nuna musu tunda ni ce gwana. 'Yar tsana ce fa, ido shuɗi, hannu a miƙe. Na tsaya a kanta har aka fara tari. Na ce kaina yana juyawa. Wannan kam gaskiya ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na karanta Yasin, na karanta Tabara. Bakina yana karatu, wuyan hannuna yana nasa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na koma Fassi da niyyar in ce mata ta nemi wata. Na shirya maganar tun daga gida. Ina ba ta kunu a cokali, ta tsaya da sha, tana kallon yadda nake dafe hannun da ɗaya hannun.

"Wace ce ta riƙe ki?"

Cokalin ya faɗi.

"A'a, rufe bakinki. Ba sunanta nake so ba, kin san doka. Ni tawa a ƙafa ta kama ni, tun ba a yaye ki ba."

Na ce, "Goggo, idan da sauran rai fa?"

"Kin duba?"

"Na duba."

"Auduga? Ƙirji? Kin kira ta?"

"Duka."

"To ke kin fi Mala'ikan mutuwa sanin aikinsa ne? Ji mini yarinya da ƙarfin hali."

Ban san sanda na yi dariya ba, hawaye na zuba. Na tambaye ta to me ke kawo shi. Ta ce ba ta sani ba, ta tsufa ba ta sani ba, ba ta kuma tambayi malami ba don amsar sai ta bi ta kan asirin wata. Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Ke in aka juya ki ido rufe, a wurin da ba ki sani ba, ba za ki lalubi abin riƙewa ba?"

Na ce sanyin zai tafi?

"Nawa bai tafi ba. Da shi na wanke uwarki."

Ban faɗi abin da ya kai ni ba. Ba wai na samu ƙarfi ba ne, kunya ce ta hana ni.

Asabar, 19 ga Afrilu

Goggo ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar zaɓe ta zaɓa, ranar da aka hana motoci yawo. Ɗanta ne ya zo a keke da hantsi, jiƙe da gumi. Ya ce matan gida sun ɗora ruwa, sun ce in rana ta take ban iso ba za su yi abin da ya sawwaƙa, zafi ba ya jira. Malam yana kan layi zai dangwala. Ya fita daga layin ya ɗauko kekensa, ya ce, "Hau." Rabona da hawa bayan keke tun ina amarya. Duk hanya ba mota ba babur, sai ƙarar sarƙa da numfashinsa. Gonaki an share, an ƙone, ba kowa a ciki. A wani wuri ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Ban san abin da ke damunki ba, ba kuma zan tambaya ba. Riƙe ni dai da kyau, akwai yashi."

Mun tarar an haƙa ramin ruwa a ɗaki, an kwantar da ita, wata ta riga ta naɗe hannun riga. A bakin ƙofa ƙafar ta sake yi mini. Mu'minatu ta ce, "Malama, in ba za ki iya ba ki bari, mu ma mun iya. Wanka ne fa kawai." Hannunta yana kan zanen da ke wuyan Goggo.

Ban ji tsoron ya tafi ba. Yana nan, har cikin haƙorana. Na cire takalmi na shiga da shi.

Na ce kowa ya fita sai mai zuba ruwa. Suka yi gunaguni, wata ta ce, "Sai ka ce gawar sarauniya." Na rufe ƙofa. Na shimfiɗa wa Goggo babban zane mai kauri daga wuya har ƙafa, na ce wa Mu'minatu ta kan zanen za ta zuba, ba za a ɗaga ba, wasiyya ce. Ni na zura hannu ta ƙasa. Abin da hannuna ya tarar, ya tarar. Ba zan rubuta ba.

Da na zo juya ta na dakata. Na ce, "Goggo, ni ce Ma'u, zan juya ki." Hannunta yana nan kusa da nawa, yatsun nan da suka karkace da tsufa. Na jira.

Ba ta riƙe ni ba.

Ban zaci wannan ne zai sa ni kuka ba. Mu'minatu ta yi ta ba ni haƙuri da buta a hannu.

An kai ta bayan azahar. Ba wanda ya ga komai.

Talata, 22 ga Afrilu

An yi sadakar uku. Na kasa kunne a cikin mata duk yinin. Hirar zaɓe suke yi, da yadda Goggo take zagin mai rowar magarya. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 1 ga Mayu

Jiya an yi ruwan farko, Malam ya fita shuka.

Ba wai na koma wankan gawa ba ne. Wani Bafulatani ne, Hammadu, ya zo daga rugar da ke bayan gari, matarsa ta rasu, matan rugar duk yara ne ba wadda ta taɓa yi. Ya tsaya a zaure da sanda yana ta murza hula. Ba a cewa irin wannan a'a. Shekaranjiya ma na je unguwar maƙera, amma wannan jaririya ce, ba a ƙirga ta.

Sanyin yana nan. Da rana ya fi.

Jumai na ɗauka ta zuba mini, bayan ta rantse za ta kama bakinta. Da muka zo juyi na ɗauki hannun matar na ɗora a wuyan hannuna, na rufe mata yatsun da kaina, sannan na juya ta. Ban shirya yin haka ba. Jumai ta tsaya da buta tana kallona.

"Yaya, wannan kuma a wane littafin yake?"

Na ce, "Zuba ruwa."