Hajo a Tsibirin Farasan

Farasan

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ciwon gwiwa kuma ya yi sauƙi. Surukarki Huda na gaishe ki.

An gyara mana wurin shaƙatawa a bakin teku, akwai rumfunan iyali da lilon yara, ruwan kuma bai wuce gwiwa ba. Jikarki Sara ta koyi iyo, kullum maganarta yaushe Sitti, wato ke kakarta, za ta zo ta gani. Don Allah ki zo mana hutun nan. Ni da kaina zan ɗauko ki.

Ɗanki mai neman albarka,
Saif

*

Harra ta Gabas, Madina

Saif,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, amma ba na zuwa.

Kai ma ka sani. Uwata da ƙafa ta taso daga Katsina don ta kwanta a maƙabartar Baƙi'a, kusa da Manzon Allah, kuma Allah ya cika mata burinta. Ni da aka haifa a nan, sai da furfura ta cika min kai zan tafi tsibiri? In ajali ya riske ni can fa, ku binne ni tsakanin masunta? Yanbu ma da ke nan kusa ba na kwana. Khalas, kar ka sake tayar da maganar. Ka shafa min kan Sara.

Uwarka,
Hajo

*

Farasan

Ƙanwata Mariam,

Sallama da gaisuwa. Yi dariyarki, na ji, na zo.

'Yar banzar yarinyar nan ce ta karya ni. Ta kira ni a waya tana shessheƙa, wai kowane yaro da kakarsa a rumfa, ita kaɗai ce ba mai tafa mata. Sai ga ni a jirgin ruwa, likkafanina a ƙasan jaka, bayan na sa Saif ya rantse ko a sume nake zai mayar da ni Madina.

Mariam, wurin nan akwai kyau, ba zan ɓoye miki ba. Yashi fari kamar garin tuwo, ruwa garai-garai har kina ganin ƙananan kifaye. Huda ta shimfiɗa tabarma, ga shayi da na'a-na'a, ga gasasshen kifi. Sara ta ja ni da abayata har cikin ruwa. "Yalla ya Sitti, ki duba!" Ta nutse, ta ɓullo tana tofar da gishiri. Na tafa, na rangaɗa guɗa, matan rumfar kusa suka taya ni. Wallahi rabona da daɗi irin wannan tun ranar sunanta.

Tsoron bai tafi ba, kar ki zata. Jiya ƙirjina ya ɗan soke ni, na zauna shiru ina salati har ya sake ni. Ashe kifin ne na ci da yawa.

Jibi nake dawowa. Ki gaida maƙwabta.

Yayarki,
Hajo

*

Farasan

Mariam,

Sallama. Kar ki aiko kowa filin jirgi. Sara na koya min kwanciya a kan ruwa, ban gama iyawa ba, na ƙara mako. In lokacina ya yi, Allah ya san inda nake.

Ki yi min addu'a a Haram, masallacin Manzon Allah.

Hajo